Gudun Kilomita 21 a Tsakiyar Bazara

(Kiɗan buɗe shiri)

   

Duk mai fita da sassafe a 'yan shekarun nan ya lura masu gudu sun ƙaru a titunanmu. Da can sai soja ko ɗan ƙwallo. Yanzu kuwa ga ma'aikacin ofis, ga ɗan kasuwa, ga mata cikin hijabinsu, ga samari masu shirin neman aikin ɗamara. Wani likita ne ya ce masa ya rage ƙiba. Wani kuma gasa ya sa a gaba, musamman tun da aka fara gudun famfalaki na Legas a 2016, aka kuma yi na Kaduna a watan Nuwamban 2020. Maganata ta yau da wanda ya ɗaura niyyar rabin famfalaki ce, wato kilomita 21 da mita 97 da rabi, sai kuma atisayensa ya faɗo a bazara, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 da rana tsaka.

Gwanayen duniya sukan cinye wannan nisa cikin kusan awa ɗaya. Yomif Kejelcha na Habasha ya yi shi cikin minti 57 da daƙiƙa 30 a birnin Balansiya na ƙasar Sifen a 2024. 'Yar ƙasarsu Letesenbet Gidey ta yi shi a wannan birni cikin awa ɗaya da minti 2 da daƙiƙa 52 a 2021. Dukansu biyu a watan Oktoba suka yi, da safe, sanyin Turai ya fara shigowa. Ni da kai kuwa, awa biyu zuwa uku za mu yi a kan titi. Ka ga ke nan ranar da za ta dake mu ta ninka tasu. Gwani ya gama ya shiga inuwa, mu muna can tsakiyar hanya hantsi yana ɗagawa.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: ai mu 'yan zafi ne, a ciki aka haife mu, me rana za ta yi mana? Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Wanda ya tashi a Gusau ya fi wanda ya tashi a Ingila jure wa rana, babu musu. Amma zafin da ke kayar da mai gudu ba daga sama kaɗai yake saukowa ba. Mafi yawansa a cikin jiki ake hura shi. Idan tsoka tana aiki, a cikin kowane mudu biyar na ƙarfin da ta ƙona, kusan mudu huɗu zafi suke zama, ɗaya ne kawai ke tura ƙafa gaba. Mai zama a inuwar darbejiya yana fama da wuta ɗaya. Mai gudu yana fama da biyu, ta sama da ta ciki, kuma ta cikin ce haihuwa a ƙasar zafi ba ta kare ka daga gare ta.

To ta ina jiki ke fitar da wannan wuta? Ku je bakin randa ku duba. Abin da ya sa ruwan randa ko na tulu yake sanyi shi ne yumɓu yana tsattsafo da ruwa a bayansa, iska ta busa, ruwan ya bushe ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Jikin ɗan Adam randa ce mai tafiya. Gumi shi ne tsattsafonta. Amma ku riƙe wannan da kyau: ba fitar gumi ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. Gumin da ya gangaro ya ɗiga ƙasa asara ce, ruwa ya fita, zafi yana nan.

Iyayenmu mata sun san ruwan randa ya fi sanyi da rani a kan damina. Dalili kuwa, da damina iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta da wurin ɗaukar wani. Haka abin yake ga mai gudu. Zafin Maris da Afrilu busasshe ne, gumi na bushewa nan take, har mutum bai san yawan ruwan da yake zubarwa ba, sai ya ga farin gishiri a rigarsa. Amma idan hadari ya fara haɗuwa, ruwa bai sauka ba, garin ya yi cunkus ba iska, wannan zafin ya fi haɗari ko da ma'auni ya nuna ya ragu. Wanda ya yi atisaye a hunturun Kano ko a sanyin Jos, ya sauka Legas ya yi gasa, shi ma wannan danshin ne zai fara yi masa maraba.

Kada a ɗauka masu rauni kaɗai abin yake kamawa. A watan Satumban 2019 an yi gasar guje-guje ta duniya a Doha, babban birnin Ƙatar. Saboda tsoron rana, sai aka sa gudun famfalaki na mata da tsakar dare. Duk da haka zafi ya kai wajen digiri 32, danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100. Mata 68 suka tashi, zaɓaɓɓu daga ƙasashensu, waɗanda gudu ne sana'arsu. Guda 28 ba su kai ƙarshe ba. Wadda ta yi nasara, Ruth Chepngetich ta Kenya, ta gama cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43, alhali a farkon wannan shekarar ta yi nisa iri ɗaya a Dubai cikin awa 2 da minti 17. Minti goma sha biyar ta bar wa zafi, sannan ta ci gasar. Bayan abin da aka gani a Doha ne aka ɗauke gudun famfalaki na wasannin Olamfik daga Tokyo aka kai shi Sapporo, fiye da kilomita 800 arewa, don neman sauƙi.

Wannan minti goma sha biyar na Chepngetich shi ne abin da nake so ya zauna a zuciyar kowa yau. Idan zakarar duniya ta sassauta saboda zafi, kai ma sassautawa ta kama ka. Kuma akwai dalili a jiki. Jininka ɗaya ne, amma da zafi aiki biyu ake nema ya yi: tsoka tana kiransa ya kawo mata iska, fata tana kiransa ya kawo zafi a fitar. Ga gumi yana rage ruwan da ke cikinsa. Sai zuciya ta ƙara bugawa don ta cike giɓin. Shi ya sa gudun da ka yi cikin nishaɗi a watan Disamba, a Afrilu za ka ji kamar an ɗora maka buhu. Ba lalacewa ka yi ba, ba kuma ragwanci ba ne. Da yawa daga samarinmu agogon hannu ko wayar da ke ƙirga musu minti ce ke jefa su cikin wahala, suna so lallai lissafin bazara ya yi daidai da na hunturu. Ka bar agogo ya yi ta ƙirgensa. Ma'aunin da ya fi shi yana bakinka: idan kana gudu kana iya yi wa abokinka magana cikakkiya ba tare da numfashi ya yanke ba, gudunka daidai ne. Idan kalma ɗaya-ɗaya kake iya fitarwa, ka rage. Idan ragewar ba ta isa ba, ka taka da ƙafa minti ɗaya ko biyu sannan ka ci gaba. Tafiya a tsakiyar atisaye ba abin kunya ba ce.

Abin farin ciki shi ne Allah Ya halicci jiki da iya sabo. Idan mutum yana motsa jiki cikin zafi kaɗan-kaɗan, a cikin kwana 10 zuwa 14 jiki yakan sake shiri. Ruwan jini ya ƙaru. Gumi ya riƙa fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu. Bugun zuciya ya sauko. Sai dai sharaɗin shi ne kaɗan-kaɗan ɗin: minti ashirin ko talatin a kwanakin farko, a hankali, sannan a riƙa ƙarawa. Kwanakin farkon nan su ne masu haɗari, kuma a cikinsu ne zumuɗi ya fi yawa. Sabon kuma ba gado ba ne. Idan ka yi makonni biyu ko uku ba ka fita ba, ko ka kwanta rashin lafiya, ya fara zubewa, sai ka sake ginawa daga ƙasa.

Sai batun lokaci. Iska ta fi sanyi gab da fitowar rana, don ƙasa ta kwana tana huce zafin jiya. Saboda haka babu kamar a idar da sallar asuba a ɗaura takalmi, a dawo gida kafin hantsi. Da yamma kuwa, ko rana ta faɗi, kwalta da bango suna nan suna amayar da zafin da suka sha tun safe. Ku taɓa titi da tafin hannu bayan magariba ku ji. Wanda aiki bai ba shi dama sai yamma, ya nemi hanyar ƙasa ko filin makaranta mai bishiyoyi, ya kuma rage tsawon gudun. Tsakanin ƙarfe goma na safe da la'asar kuwa, a bazara, ba lokacin gudu ba ne ga kowa. Mai fita da duku-duku ya sa riga mai haske, ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya kuma samu abokin tafiya. Ga 'yan'uwanmu mata wannan ya fi muhimmanci, a fita a rukuni, a wurin da aka sani.

Tsarin atisayen kansa ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya riga ya iya gudun kilomita biyar ba tsayawa, ya ba kansa mako 12 zuwa 16. Kwana uku ko huɗu a mako sun isa. Biyu ko uku gajeru ne, minti talatin zuwa arba'in. Ɗaya kuma dogo, shi ne ƙashin bayan shirin: ka fara da kilomita shida ko bakwai, kana ƙara ɗaya ko ɗaya da rabi kowane mako, kowane mako na huɗu ka ja baya jiki ya huta, har ka kai 16 zuwa 18. Ba dole ne ka taɓa yin 21 cif kafin ranar gasa ba. Makonni biyun ƙarshe kuma ragewa ake yi. Abin da bazara ta ƙara a kan wannan tsari shi ne ka auna dogon gudunka da lokaci maimakon nisa. Ka ce yau awa ɗaya da rabi zan yi, duk inda ta kai ni. Sannan maimakon ka miƙe hanya ka yi nisa da gida, ka zaɓi zagaye na kilomita biyu ko uku da zai riƙa dawo da kai inda ka ajiye ruwa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan atisayen gudun kilomita 21 a lokacin zafi. Mun iso kan ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don kuskure biyu ake yi, kowanne yana iya kai mutum asibiti.

Mai gudu da zafi yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa ɗaya, wani ma fiye. Amma kowa da nasa, kuma kana iya sanin naka a gida. Ka hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo bayan ka cire jiƙaƙƙun kaya ka goge jiki. Duk kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa, wato ledar fiyawata biyu. Ba kitse ba ne ya narke. Ka haɗa da abin da ka sha a hanya, ka san abin da jikinka ke zubarwa. Masana suna so kada raguwar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka. Mai kilo 70 ke nan kada ya rasa fiye da kilo ɗaya da gram 400. Idan ka dawo, kowane kilo da ka rasa ka mayar da lita ɗaya da rabi, a hankali cikin 'yan awoyi, tare da abinci. Akwai kuma ma'aunin da ba ya buƙatar sikeli: fitsarin safe. Idan fari-fari ne mai ɗan rawaya, madalla. Idan ya yi duhu kamar shayi, ka fara ranar da bashin ruwa, ka biya kafin ka fita.

Kuskure na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba: shan ruwa fiye da kima.  Mutumin da ya tsorata da zafi ya yi ta ɗura wa kansa ruwa zalla, gumi kuma yana fitar da gishiri, sai gishirin jininsa ya tsinke. Kai ya yi ciwo, ciki ya kumbura, amai ya zo, idan abin ya yi tsanani ƙwaƙwalwa ta kumbura. Likitoci sun gwada jinin mutum 488 da suka gama gudun famfalaki na Boston a Amurka a 2002, suka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya faɗi ƙasa da ƙa'ida. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu daɗewa a hanya, da waɗanda suka gama gudu nauyinsu ya ƙaru maimakon ya ragu. Saboda haka ka sha idan ka ji ƙishi, kurɓi-kurɓi, kada ka yi ɗurin raƙumi.

Gudun da bai kai awa ɗaya ba, ruwa ya wadatar. Idan ya wuce haka, jiki yana son gishiri da ɗan sukari. Ba sai ka sayi lemon 'yan wasa mai tsada ba. Ruwan gishiri da sukari da uwaye ke haɗa wa yaro mai gudawa yana aiki: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka riƙe dabino uku ko huɗu a aljihu. Kafin fita, ayaba ɗaya ko rabin kofin koko ya isa. Fura da nono, kunun gyaɗa, ƙosai, kankana, duk ka bari sai ka dawo, a nan ne suke da amfani. Lemon gwangwani masu sa kuzari kuwa, waɗanda samari ke sha kafin fita, ba na ba da shawararsu. Suna ƙara wa zuciya bugu a lokacin da aikinta ya riga ya yi yawa.

Tufafi su zama marasa nauyi, masu haske, sakakku yadda iska za ta ratsa. Hular hana-salla tana kare fuska, kuma idan ka jiƙa ta tana sanyaya kai. 'Yar'uwa mai gudu da hijabi ta nemi yadi mai shara-shara mai saurin bushewa, fari ko mai haske, kada ta yi ninki biyu ko uku. A shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi saboda saɓar fata.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ku da girman Allah ku daina. Na taɓa tsayar da wani saurayi a bakin titi wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, yana gudu cikin rigar leda, ya ɗora rigar sanyi a kai. Ya ce mini tumbi yake son ragewa kafin tantancewar neman aiki. Leɓɓansa sun bushe, idonsa ya yi ja, yana magana yana haɗa kalmomi da ƙyar. Na zaunar da shi a inuwa muka cire kayan, mai shago ya taimaka mana da ruwa. Har yau idan na tuna fuskarsa gabana yakan faɗi. Ledar nan daidai take da ka shafe bayan randa da siminti. Gumi zai fita, ba zai bushe ba, zafi ya taru a ciki. Kilon da ya gani ya ragu ruwa ne, zai dawo da ya sha. Abin da ba lallai ya dawo ba ita ce ƙoda.

Wasu kuma sai sun ga likita kafin su fara. Mai hawan jini, musamman mai shan maganin da ke sa yawan fitsari. Mai ciwon sukari. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko wanda ya taɓa suma yana motsa jiki. Mai ƙiba sosai, da wanda ya haura shekara arba'in bai saba ba. Sannan kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS. Wannan ba ya hana gudu, akwai manyan 'yan wasa masu shi, amma tsananin wahala da ƙishi da zafi idan suka haɗu sun fi yi masa barazana, don haka ya san rukuninsa, ya riƙa hawa a hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake sha da abin da kake ji.

Ko lafiyayye, akwai ranakun da zai haƙura. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama, ko ya kwana yana gudawa ko amai, kada ya fita sai ya warke sarai, don jikinsa ya riga ya yi zafi, ruwansa ya ragu. Wanda bai samu barci ba saboda zafi da rashin wuta, ya rage na ranar. Kuma a guji haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kafin dogon gudu. Suna takura ƙoda a lokacin da jini ya ragu a wajenta. Tramadol kuwa ba ma a maganarsa, yana toshe kunnen mutum daga jin kukan jikinsa. Idan bayan gudu ka ga fitsarinka ya koma launin lemon kola, ga tsoka tana ciwo fiye da saba, wannan alama ce tsoka ta farfashe tana zuba cikin jini. Asibiti za ka nufa a ranar, ba kemis ba.

Idan azumi ya faɗo cikin zafi, kamar na 2024 da ya ratsa Maris zuwa Afrilu, dogon gudu da rana ba shi da wuri. A mayar da shi bayan tarawi, ko kafin sahur, lokacin da ake iya sha. A ɗauki watan a matsayin na riƙe abin da aka samu, ƙari ya jira bayan salla.

Yanzu ga abin da nake so ko wanda bai taɓa gudu ba ya saurara, don wataƙila kai ne za ka tsinci wani a bakin hanya. Galabaita tana da alamu: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, kasala mai nauyi, wani lokaci tsikar jiki ta tashi mutum ya ji sanyi-sanyi ana tsakar zafi. Wanda ya ji haka ya tsaya nan take, ya shiga inuwa, ya kwanta ya ɗaga ƙafafu, ya jiƙa jiki, ya sha ruwa a hankali. Gudun ranar ya ƙare.

Matakin da ke gaba da wannan shi ne bugun zafi, kuma yana kisa. Zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Alamarsa ba a fata take ba, don mai gudu yana iya kasancewa sharkaf da gumi. A hankalinsa take. Za ka ga yana tangaɗi, yana sambatu, bai san inda yake ba, ko ya hau faɗa da masu son taimakonsa, ko ya yanke jiki ya faɗi. Shi kansa ba zai gane ba, zai ce maka lafiyarsa lau. A irin wannan hali mutanenmu sukan yi dafifi a kansa su tare iska, wani ya ce iskokai ne, wani ya kawo albasa, wani ya nemi ɗura masa madara. A yi masa addu'a, amma hannu ya kama aiki. Kada a ɗura komai a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, zai shaƙe. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a sanyaya shi da duk abin da ke kusa. Mafi inganci shi ne a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi har wuya, ana riƙe da kansa, a baho ko kwatarniya, ko a shimfiɗa tamfol a kama gefunansa a zuba ruwa da ƙanƙara. Idan babu, a yi ta kwara masa ruwan randa ko fiyawata mai sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana canza jiƙaƙƙen zane.

Na san an saba cewa kada a zuba wa mai zafin jiki ruwan sanyi. A wannan hali maganar ba ta da gurbi. A garin Falmouth na Amurka ana yin gasar kusan kilomita 11 kowane watan Agusta, kuma an san ta da yawan bugun zafi. Likitoci sun bi bayanan shekara 18, mutum 274 da abin ya kama, aka tsoma su cikin ruwan ƙanƙara nan take a wurin. Babu ko ɗaya da ya rasu. Abin da ake nema shi ne a sauko da zafin cikin rabin awa na farko. Don haka a fara sanyayawa yayin da wani ke neman mota, a ci gaba da jiƙa shi a hanya, kuma ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, sai an kai shi asibiti an duba ƙoda da hanta. Ina kira ga masu shirya gasa da shugabannin ƙungiyoyin motsa jiki na unguwanni: kafin a sayi kofi da riguna, a tanadi baho da ƙanƙara da ma'aikacin lafiya, a kuma tashi gasar da sassafe.

Ranar gasa kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin da ka saba da shi, abincin da cikinka ya sani, abin shan da ka gwada a atisaye. Ka tashi a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, don kilomita biyar na farko da sanyin safiya da ihun jama'a suna ruɗi, ranar kuma tana jiranka a kilomita na 15. A kowace tashar ruwa ka kurɓa, ka zuba saura a kai da wuya. A bayan lambar da ke ƙirjinka ka rubuta sunanka da lambar wayar wani naka, da duk wata lalura da kake da ita. Idan kuma ka ga wani yana tangaɗi a gabanka, ka tsaya ka kama shi ka kira ma'aikata.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba ciwon gwiwa da na diddige, da yadda ake zaɓen takalmin gudu a kasuwar gwanjo.  

(Kiɗan rufe shiri)